Inci Huɗu Da Suka Ci Mana Buhun Siminti

Mu tagwaye ne, kuma tun daga firamare benci ɗaya muke zama. A gida ma ba a cika rarrabe mu ba. In an aiki ɗaya to an aiki biyu, in ɗaya ya yi laifi duka ake haɗawa a yi wa faɗa. Shi ya sa za mu ba ku wannan labari da baki ɗaya, domin tare muka tafka kuskuren, tare kuma muka sha wahalar gyara shi.

A Jibiya aka haife mu, a Jihar Katsina. Wanda bai san garin ba, daga nan ne hanya take bi ta Magama ta tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa, ta miƙe har Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Babanmu teburin shayi yake da shi a Magama, kusa da inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a duba takardunsu. Direbobi da yaran mota su ne masu cinikinsa. Da kuɗin shayi da biredi da wainar ƙwai aka saya mana yunifom da littattafai.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka yi juyin mulki a Yamai, ba a jima ba kuma aka rufe iyaka. Da farko motocin da suka maƙale sun ci gaba da shan shayi, wasu da kuɗi wasu bashi. Daga baya suka watse ɗaya bayan ɗaya. Baba yakan fita da asuba ya dawo da rabin biredin da ya tafi da shi. Ya taɓa ganin irin wannan lokacin da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, don haka wannan karon bai tsaya jira ba. Ya sayar da ƙaramin janaretonsa da bencina biyu, ya ce zai sayi ƙananan raguna huɗu a kasuwar Jibiya ranar Lahadi, mu yi kiwonsu zuwa Babbar Sallah.

Sai dai damina ce, kuma rago ba ya son kwana a caɓi, ƙafarsa ke lalacewa. Harawa da dusa ma in suka jiƙe sun tashi daga aiki. Dole a yi rumfa kafin a kawo dabbobi. Baba ya samu katako takwas na hannu daga wani maƙwabcinsa a Magama da ya kwance tasa rumfar, kowanne ƙafa 12 cif. Ya samu dirkokin ƙarfe huɗu da tsofaffin kwanuka, ya kuma sayi siminti buhu ɗaya. Kuɗin da ya rage na raguna ne, ba mai taɓa shi.

Tsarin rumfar mai sauƙi ne. Za a jingina ta da bangon ɗakin Inna. Kan katakon zai hau bango a tsayin ƙafa 10 daga ƙasa, ɗaya bakin kuma ya sauka a kan dirkokin da za su tsaya ƙafa 7 daga ƙasa, yadda ruwa zai riƙa gangarowa. Kafintan da zai yi aikin abokin Baba ne tun ƙuruciya, Baba Kafinta muke ce masa. Ya ce yana da wani aiki a Katsina, sai bayan kwana uku zai dawo. Don a rage kuɗin aiki, Baba ya ce mu haƙa ramuka mu kafa dirkoki kafin ya iso.

Abin da ya rage shi ne a san tazarar da za a bari tsakanin bango da dirkokin. Baba ya ce mu jira kafinta ya auna. Mu kuwa a lokacin mun gama aji uku na ƙaramar sakandare, sakamakonmu na lissafi ya yi kyau, kanmu ya kumbura.

Muka ce, “Baba, ai wannan abin aji biyu ne. Ka bar mana.”

Ya dube mu ya ce, “Kun tabbata, ’yan biyu?”

Muka ce mun tabbata.

Muka zauna a ƙofar ɗaki da takarda da biro. Abin da muka fara yi daidai ne, kuma muna so ku bi shi a hankali. Ku ɗauka an ja igiya a miƙe daga saman dirka zuwa bango. Za ta taɓa bangon a tsayin ƙafa 7. Daga nan zuwa inda kan katako zai zauna saura ƙafa 3, wato 10 a cire 7. Igiyar da bangon sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, irin kusurwar shafin littafi. Katakon kuma ya taso daga saman dirka ya hau bango a karkace. Ga alwatika nan ta fito da gefe uku: ƙafa 3 na bango, ƙafa 12 na katako, sai igiyar da ba mu san tsawonta ba. Tsawon igiyar nan shi ne tazarar da muke nema.

Ƙa’idar Faitagoras kuwa mun haddace ta kamar karatun allo. A ninka wannan da kansa, a ninka wancan da kansa, a tara, a nemi tushe. Muka ninka 12 da 12 muka samu 144. Muka ninka 3 da 3 muka samu 9. Muka tara, 153. Muka ari wayar Baba muka nemi tushen 153, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 153, waya ta ce 12.37. Mun ma yi dabarar mayar da 0.37 zuwa inci, muka ninka shi da 12 tunda inci 12 ke cikin ƙafa ɗaya, muka samu inci huɗu da ɗan ɗori. Muka rubuta da manyan baƙaƙe, ƙafa 12 da inci 4, muka ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda ake yi a jarrabawa.

Washegari tun da sanyin safiya muka ɗauki diga da shebur. Muka auna da tef, muka haƙa ramuka huɗu, muka kwaɓa simintin nan gaba ɗaya da yashi da tsakuwa, muka tsayar da dirkoki. Inna har kunu ta dama mana na musamman. Kwana biyu muna yayyafa wa simintin ruwa safe da yamma don ya kama da kyau. Ya kuwa kama.

Rana ta uku Baba Kafinta ya iso da jakar kayan aikinsa, fensir a maƙale a kunne. Bai taɓa shiga ajin boko ba, makarantar allo ya yi, sannan ya koyi sana’a. Ya gaisa da Baba, ya tsaya ya dubi bango, ya dubi dirkoki, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, “Yarana, ku ɗauko mini katako ɗaya.”

Muka kawo. Bai ɗaga shi sama ba. A ƙasa ya shimfiɗa shi, ya tokare baki ɗaya da gindin bango, ya miƙe shi zuwa wajen dirka. Katakon ya ƙare, dirka tana gaba da faɗin tafin hannu.

Ya ce, “To ’yan boko, ga shi a kwance ma bai kai ba. In na ɗaga kansa sama, tsawo zai ƙara ko baya zai ja?”

Ba wanda ya amsa a cikinmu. Ya sa ɗayanmu ya kama bakin da ke jikin bango ya riƙa ɗaga shi a hankali yana goga bangon. Muna kallo ɗaya bakin ya riƙa ja da baya, giɓin yana ƙara faɗi. Ƙanwarmu da ke aji huɗu na firamare ta tuntsire da dariya, Inna ta daka mata tsawa daga madafa.

Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi wa abokinsa, ko za a iya ƙara guntun katako a baki a ɗaure da ƙusa. Baba Kafinta ya girgiza kai. Ya ce haɗi a bakin katako, daidai inda nauyi zai sauka, iskar hadari ɗaya ta ishe shi. Ya ce kuma ko da katakon ya kai dirka bai wadatar ba, sai ya wuce ta da kamar ƙafa ɗaya, in ba haka ba ruwan kwano a gindin dirka zai riƙa zuba yana komawa cikin rumfa. Sai dai a tone dirkokin a matso da su.

Da daddare muka koma kan takardarmu. Ninkawa daidai, tarawa daidai, waya ma ba ta yi ƙarya ba. Mun fi awa ɗaya muna neman inda muka kauce, sai da muka ɗauko tsohon littafinmu na aji biyu muka ga zanen da Malam ya sa mu kwafa. A jikin gefen da ke fuskantar kusurwa mai digiri 90 ya sa mun rubuta sunansa na aji, haifotenus, a ƙasa kuma mun rubuta da hannunmu cewa shi ne mafi tsawo a kullum.

Nan muka gane. Ƙa’idar ba ta ce a tara kowaɗanne lambobi biyu da aka ba ka ba. Cewa ta yi, gajerun gefe biyu da suka haɗu suka yi kusurwar, su ake ninka kowanne da kansa a tara, abin da ya fito shi ne dogon gefen in an ninka shi da kansa. A rumfarmu katakon ne dogon gefe, shi ke fuskantar kusurwar. Ashe jimlar tana hannunmu tun farko, ita ce 144. Abin da ya ɓace ɗaya ne daga cikin gajerun. Wanda yake riƙe da jimla da kashi ɗaya, yana neman ɗaya kashin, ai cirewa zai yi. Ko yaron da aka aika kanti da naira ɗari ya sayo abin naira talatin ya san haka.

Muka sake. 144 a cire 9, saura 135. Wannan karon muka ajiye waya muka lalubo tushen da kanmu don mu ga inda yake zaune. 11 sau 11 shi ne 121, 12 sau 12 kuma 144, don haka amsar tana tsakanin 11 da 12. Muka gwada 11.6 sau 11.6, ya ba da 134.56, ya kusa ƙwarai. Wato kamar ƙafa 11 da inci 7. Sannan muka tuna da ƙafa ɗayan da Baba Kafinta ya ce a bari ta leƙa waje. In an ware ta, katakon da ke tsakanin bango da dirka ƙafa 11 ne. 11 sau 11, 121. A cire 9, saura 112. Tushensa 10.58, wato ƙafa 10 da inci 7.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne amsarmu ta farko da kanta tana ihu cewa ba daidai take ba. Mun samu 12.37 a alwatikar da dogon gefenta 12 ne. Kowane yaro a Jibiya ya san in zai je gona ya yanke ta tsakiyar fili ya fi masa sauri a kan ya bi gefe biyu, ya kuma san hanyar yanken ta fi kowane ɗaya daga cikin gefen biyun tsawo. Da mun tsaya daƙiƙa goma mun kwatanta amsar da katakon da ke jingine a gabanmu, da buhun siminti bai tafi ba.

Da safe muka kai wa Baba Kafinta sabuwar takarda, muna ɗari-ɗari. Bai karɓa ba. Ya sa aka jingina tsani, ya hau ya yi alama a ƙafa 10, ya sa muka riƙe katako a yadda zai zauna, ya saki igiya mai dutse a baki daga inda dirka za ta tokare shi. Inda dutsen ya taɓa ƙasa ya kafa tsinke. Sannan ya ce mu auna daga bango. Tef ya nuna ƙafa 10 da inci 7, da ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba. Ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce, “Ashe abin naku yana aiki in kun bi shi a hankali.”

Kwana biyu muka yi da guduma da kurfi muna fasa simintin da muka yi ta shayarwa da ruwa don ya yi ƙarfi. Hannayenmu suka yi ƙanta, ɗayanmu ya daki babban yatsansa har farcen ya yi baƙi. Kuɗin sabon buhu daga adashen Inna ya fito, wanda ta yi niyyar saya wa ƙanwarmu takalmin makaranta da shi. Ba wanda ya faɗa mana haka, a bakin ƙanwar muka ji. Ta koma makaranta da tsohon takalminta da aka kai wa mai gyara.

Ranar da za a sake kafa dirkokin muka ga wani abin da ya tsaya mana a rai. Baba Kafinta yana so layin gefen rumfar ya fita daga bango a miƙe, kada ya karkace. Sai ya auna ƙafa 3 a jikin bango ya yi alama, ya auna ƙafa 4 a jikin igiyar da ya ja daga bangon ya ɗaura ƙulli, sannan ya riƙa matsar da igiyar hagu da dama har sai da tsakanin alamar da ƙullin ya zama ƙafa 5 daidai. Ya ce, “Yanzu ta zauna.” Muka tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce maigidansa, shi ma daga nasa maigidan. Muka duba a zuci: 9 da 16 sun ba da 25, wato 5 sau 5. Ƙa’idar da muka haddace ce yake aiki da ita ta baya. Mu muna farawa da kusurwa mu nemi gefe, shi yana daidaita gefe uku don kusurwar ta fito.

Da aka koma makaranta muka ba malamin lissafi labarin. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce kuskuren nan shi ne wanda ya fi gani a takardun ɗalibai in an zo wannan darasi. Ya zana alwatikar 3, 4, 5 a allo, ya gina murabba’i a jikin kowane gefe, ya rarraba su gida-gida kamar tayil. Ƙaramin yana da gida 9, na tsakiya 16, babban 25. Ya ce mu ƙirga da ido. In an ba ka babban da ɗaya daga cikin ƙananan, ya ce, kana ganin abin da ya rage ba sai an faɗa maka tarawa ko cirewa ba.

Shi ne kuma ya faɗa mana cewa Faitagoras mutumin Girka ne, an haife shi a tsibirin Samos a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma sanin wannan abu ya girme shi. Akwai wani allon yumɓu na mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yanzu, da aka rubuta kimanin shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ajiye a Jami’ar Columbia da ke New York a Amurka. A layinsa na farko akwai 119 da 169, waɗanda ke tafiya da 120. Mun gwada da kanmu: 14,161 da 14,400 sun ba da 28,561, wato 169 sau 169. Daga baya wani masani a Bagadaza, Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a shekarar 901, ya nuna gaskiyar ƙa’idar ta hanyar yanka murabba’ai biyu a sake jera guntayen su zama babba ɗaya. Malam ya ƙara da cewa masu awon ƙasa, irin waɗanda suka fitar da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinta a Fabrairun 2021, wadda ta biyo ta Jibiya, da wannan ƙa’ida suke gane nisan da ke tsakanin wuri biyu in sun san bambancinsu ta gabas da ta arewa.

Tun daga lokacin, duk tambayar alwatika da ta zo mana, a aji ko a tsofaffin takardun WAEC da NECO da muke bita, abu uku muke yi. Kafin mu taɓa lamba sai mun zana hoton mun sa ɗan akwati a kusurwa mai digiri 90, mun ɗora yatsa a gefen da ke fuskantarta. Sannan mu tambayi kanmu, wannan dogon gefen shi ake nema ko an ba mu shi? In shi ake nema, tarawa. In an ba mu shi, cirewa. In amsa ta fito kuma sai mun kwatanta ta da sauran gefen. Gajeren gefe ba ya fin dogon tsawo, dogon kuma ba ya kai jimlar gajerun biyu.

Rumfar ta tsaya. Raguna huɗu suka shiga cikinta kafin damina ta ɗauke, mu ke ba su dusa da harawa kafin mu tafi makaranta. An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, Baba ya koma teburinsa a Magama, ko da yake ciniki bai dawo kamar da ba. Da Babbar Sallah ta zo a watan Yuni aka sayar da uku, aka bar ɗaya na layya. Daga kuɗin, abin da muka fara roƙon Baba ya saya shi ne takalmin ƙanwarmu. Ramukan farko guda huɗu har yanzu ana gane wurinsu a tsakar gida, ƙafa ɗaya da inci tara gaba da dirkokin, domin ƙasar wurin ta ɗan lotsa. In baƙo ya tambaya, ƙanwarmu ce ke riga kowa ba da labari.

Ga ɗaya ku gwada kafin fitowa ta gaba. Tsani mai tsawon ƙafa 13 an jingina shi da bango, gindinsa yana ƙafa 5 daga bangon. A wane tsayi kansa zai taɓa bangon? Kafin ku ninka komai, ku fara nuna wanne ne dogon gefe. In amsarku ta wuce 13, ku tuna da mu da gudumarmu, ku sake dubawa.